Gwajin DNA zai gane kifin da aka bandace? Kuma zai raba tarwaɗa da haɗin ramboshi?

Wani ƙanenmu ɗalibi da yake shekarar ƙarshe a sashen nazarin kifi ya turo min tambaya, yace: "Malam dan Allah wai da gaske ne da ɗan guntun naman kifi ana iya gane ko wane iri ne, ko da banda ce? Sufabaizana yace in yi furojet ɗina a kai. Sannan ni kaina ina da ɗan kwamin kifi a bayan gida, 'ya'yan kifin da na saya an ce min tarwaɗa ce zalla amma ina zargin haɗi ne da ramboshi, wannan gwajin zai warware min?"

Toh ƙanena tambayarka biyu ce. Ta farko amsarta eh, ana ganewa, har banda ma sau da yawa ana ganewa. Ta biyu kuma amsarta a'a, gwajin nan shi kaɗai ba zai gaya maka ko kifinka haɗi ne ba, kuma wallahi gara ka san haka tun yanzu kafin ka zuba kuɗin mahaifinka a lab a miƙo maka takarda tace tarwaɗa ce ɗari bisa ɗari alhali uban kifin ramboshi ne. Amma bari mu bi abin daga tushe, in ka gane yadda yake aiki kai da kanka zaka ga dalili.

Kasan 'yan layukan nan baƙaƙe da ke bayan kwalin madara ko omo, waɗanda in ka je babban kanti mai karɓar kuɗi zai haska musu na'ura tayi ƙara sai sunan kayan da farashinsa su fito a kwamfuta? Shine bakod. A 2003 wani masanin halittu mai suna Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada shi da abokan aikinsa suka kawo shawara cewa ai kowace dabba ma tana ɗauke da irin wannan lambar a jikinta, abin da ya rage kawai masana su yarda da wuri guda ɗaya a cikin DNA wanda kowa zai riƙa karantawa, a Kano kake ko a Tokyo, sai a tara sakamakon a rumbu ɗaya. DNA kuwa rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, jere da jere kamar carbi, tsarin jerin ne ya sa tarwaɗa ta zama tarwaɗa gaiwa ta zama gaiwa. Wurin da suka zaɓa wani yanki ne da ake kira COI, tsawon abin da ake karantawa haruffa wajen 650 ne.

Shi COI ɗin nan ba a cikin babban kundin DNA na tsakiyar sel (wato ƙwayar halittar da aka gina jiki da ita) yake ba, yana cikin wasu 'yan ƙananan abubuwa da ake cewa maitokondiriya, su ne kamar janareton sel, su ke ba shi ƙarfi. Ka riƙe wannan da kyau don nan amsar tambayarka ta biyu take. An zaɓe shi ne saboda a sel guda ɗaya akwai kwafinsa ɗaruruwa ko dubbai, kaga ko naman ya ɗan sha wuya da wuya a rasa mai rai-rai a ciki, sannan yana canjawa daidai wa daida, bai yi saurin da zai sa 'yan uwa ɗaya su bambanta sosai ba, bai kuma yi nawar da iri biyu zasu zama abu ɗaya ba.

A kifi, aikin da ya fara tabbatar da abin shine na Robert Ward da mutanensa a Ostireliya a 2005. Sun karanta COI na irin kifi 207, suka ga tsakanin kifaye 'yan iri ɗaya bambancin a matsakaici kashi 0.39 ne cikin ɗari, tsakanin iri da iri 'yan gida ɗaya kuwa kashi 9.93. In ka mayar da shi haruffa, cikin 650 ɗin nan 'yan iri ɗaya zasu saɓa a harafi biyu ko uku, maƙwabcin iri kuwa a sittin da wani abu. Wannan tazarar ita ce jarin sana'ar gaba ɗaya, duk inda tazarar take a buɗe gwajin yana aiki kamar yankan wuƙa, inda ta rufe kuma sai a hankali. A shekarar nan dai aka ƙaddamar da shirin FISH-BOL da nufin a yi wa duk kifin duniya bakod, kuma kifin da aka sani a duniya ya haura iri 35,000, aikin har yau ba a gama ba.

Wani zai ce to mu meye namu, ai masunci ya san kifinsa. Ya sani mana, ni kam ban taɓa zuwa bakin ruwa na dawo ban ƙaru da wani abu daga bakin masunta ba. Amma ka ɗauki kurungu. A kasuwa kurungu kurungu ne, a ilmance kuwa gidan Synodontis ne mai iri sama da 100 a Afirka, kuma a ruwa ɗaya kamar tafkin Kainji sai ka samu iri da yawa suna zaune tare, wani mai ɗige-ɗige wani mai duhun ciki wani yana iyo a rigingine. Tarwaɗar ma da muke ci kullum ba iri ɗaya bace, akwai Clarias gariepinus wadda ake kiwo, akwai Clarias anguillaris, in ka shimfiɗa su a tabarma kusan ba zaka raba su ba sai ka ɗaga murfin kumatu ka ƙirga 'yan haƙoran nan masu kama da na mataji da ke jikin jan abin numfashi, gariepinus tafi yawansu. Toh wannan fa in kifin ɗanye ne da kansa da jelarsa. Ka je layin 'yan banda ka tsaya gaban mai kwali daga Baga ko Yawuri, kifin an lanƙwasa shi an soke jela a baki, ya yi baƙi ƙirin yana ƙyallin mai, gashin bakin ya ƙone, fiffiken bayan ya manne da jiki, wani ma gunduwa-gunduwa aka yanka shi kafin ya hau waya. Anan littafin gane kifi ba shi da abin da zai yi maka, duk alamomin da yake cewa ka duba wuta ta cinye. Haka ƙwai da 'yan mitsi-mitsin 'ya'yan kifi da aka tace daga ruwa, haka abin da ka ciro daga cikin giwan ruwa kana so ka san me take ci. Nan ne DNA yake shigowa.

A ƙasashen waje abin da ya fito da gwajin nan fili ha'inci ne. A 2008 wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare a New York suka bi gidajen abinci da kantuna suna sayen kifi suka aika Guelph, cikin samfuri 56 da aka gane 14 ba abin da aka rubuta bane, har da karfasa da aka sayar da sunan tuna mai tsada. A 2013 ƙungiyar Oceana ta fitar da binciken samfuri sama da 1,200 daga jihohi 21 na Amurka, kashi 33 cikin ɗari sunan ƙarya ne, wani jan kifi mai tsada da suke ji da shi cikin 120 da aka saya da sunansa 7 ne kawai na gaske. Wanda yafi tada min hankali shine na Chicago a 2007, mutum biyu suka kwanta rashin lafiya bayan sun sha miyar kifin da aka shigo da shi da wani suna daban, da aka bincika ashe ɗan uwan talibambam ne na teku mai dafi, kuma bakod na cikin abin da ya tabbatar da hakan. Mu da muke cin kifin ƙanƙara na kwali ba dare ba rana, titus ne, kote ne, shawa ce, fanla ce, wannan fage ne da ɗalibi zai yi aiki mai amfani ƙwarai, musamman wanda ake kawowa ba kai ko an yanka shi falle-falle.

Yanzu yadda ake yi. Abin da ake buƙata daga kifin bai wuce girman ƙwayar shinkafa ko wake ba, ko ka ɗan gutsuri fiffike da almakashi, wanda in kifi mai rai ne ma zaka iya mayar da shi ruwa, ko ka yanko ɗan tsoka daga ɓangaren dama a bar hagu lafiya lau saboda hoto da awo. Ka jefa a 'yar ƙaramar roba mai murfi da itanol, wato sifirit na lab, mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama, itanol ɗin ya ninka naman sau da yawa ya shanye shi, in da hali washegari ka zubar ka sake sabo don ruwan jikin naman yana tsarma shi. Tsakanin kifi da kifi ka wanke almakashin da bilic ka ɗauraye ka goge, ko ka yi amfani da sabuwar reza kowane kifi, don majinar jikin tarwaɗar da ka taɓa ɗazu ta isa ta ɓata maka sakamakon na gaba. Lamba kuma da fensir a 'yar takarda, ba da biro ko maka ba, itanol yana wanke tawada tas.

Dan Allah kar fomalin, ruwan maganin nan da ake ajiye kifi a ciki don kar ya ruɓe, ya kusanci naman da zaka yi wa DNA. Wannan ina faɗarsa da ciwo a raina. Akwai shekarar da wata ɗalibata ta yi sati biyu tana sammako bakin dam tana tsayawa kan masu fitowa da kwale-kwale, ta tara kifi mai kyau gwanin sha'awa, ta kawo lab aka karɓa aka zuba su gaba ɗaya a bokitin fomalin kamar yadda aka saba ajiye kifi tun zamanin da, ba wanda ya tuna a fara cire ɗan naman. Da muka zo haska jel ɗin, wato ɗan farantin da ake zuba DNA a ramukansa a ga ko zai fito da layi, bayan sati uku, layin ma'auni ne kaɗai ya fito a gefe, duk sauran ramukan duhu, tana tsaye tana kallon gilashin hawaye na zuba bata ce komai ba. Fomalin yana ɗaure DNA da nama yana kakkarya shi. Tsarin shine nama tukuna a itanol, hoto, sannan ragowar kifin ya tafi fomalin.

Kuma kar ka yar da ragowar kifin nan ko ka kai gida a yi farfesu, shine shaidarka. Ka ɗauki hotonsa tun launinsa bai dushe ba, ka baza fiffiken da allura a kan farin kwali da rula a gefe, ka rubuta rana da wuri da lambar GPS daga wayarka da sunan da masuncin ya kira shi da irin komar da ta kama shi. Gobe in wani a Beljiyam ko Ibadan yace anya wannan jerin haruffan na wannan kifin ne, sai a ɗauko kwalba a duba.

A lab matakai uku ne. A narkar da naman a tace DNA ɗin, akwai kit na saye, akwai hanyar gishiri mai arha wadda ita ma tana yi in hannunka na da tsabta. Sai PCR, wato injin da ke buga kwafin wannan yankin shi kaɗai, kamar ka buɗe littafi mai shafi dubu ka ɗora shafi ɗaya a fotokofi. Abin da ke nuna wa injin inda zai fara da inda zai tsaya su ne furaima, na kifi da aka fi sani su ne FishF1 da FishR1 na su Ward ɗin nan. Injin yana zafafa ruwan zuwa wajen digiri 94 igiyar ta rabu biyu, ya sauko hamsin da 'yan kai furaima su kama, ya hau 72 a gina sabuwa, haka har zagaye wajen 35, kowane zagaye ninki biyu, cikin awa biyu zuwa uku ka samu kwafi bila adadin. Ka tabbata akwai inbata ko janareto a kunne kafin ka danna, in wuta ta ɗauke a zagaye na ashirin sai dai ka sake sabon lale. Kullum kuma ka sa roba ɗaya da ba DNA a ciki, ruwa zalla, in ita ma ta fito da layi a jel to wani abu ya gurɓata kayan aikinka, duk na ranar ka zubar. Mataki na uku shine karanta haruffan, wanda yawancin lab ɗinmu ba su da injinsa, aikawa ake yi, wasu kamfanin Inqaba wasu kamfanin Macrogen a Koriya ta Kudu, kuma nan ne kuɗin yake tafiya don da dala ake lissafi, saboda haka tun farko ka zauna da sufabaizanka ku ƙirga samfuri nawa aljihu zai ɗauka.

Ita banda, zafi da hayaƙi suna gutsuttsura DNA, sannan akwai sinadaran hayaƙin da ke hana PCR tashi. Dabarar ita ce kar ka ɗebo daga fatar da ta ƙone, ɓare kifin ka shiga can ciki kusa da ƙashin baya inda naman yake da ɗan haske-haske, ka yi amfani da sabuwar reza don kwali ɗaya kifi iri nawa ne suka gogi juna a cikinsa tun daga mota. Sau da yawa cikakken 650 ɗin yana fitowa. In ya ƙi sai a koma gajeren bakod, haruffa ɗari da wani abu zuwa ɗari uku, wanda aka ƙirƙiro don irin wannan matsalar, da shi ake gwada har kifin gwangwani da ya sha dahuwa. Sai dai gwargwadon gajartarsa gwargwadon raguwar ƙarfinsa wajen raba 'yan uwa na kusa. Wani lokacin ma tsarma DNA ɗin da ruwa sau goma shi ke sa ya tashi, don ka rage ƙarfin hayaƙin da ke ciki, abin da ɗalibai basa yarda da shi sai sun gani da idonsu.

Toh haruffa sun dawo ta imel. Nan ne mafi yawan furojet suke lalacewa, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Abin da aka saba, ɗalibi ya kwafi haruffan ya liƙa a BLAST, manhajar bincike ta GenBank, babban rumbun jerin DNA da ke intanet, sunan da ya fito a layin farko ya rubuta a tebur ya rufe kwamfuta. Injin nan fa bai san kifi ba, ƙanena. Abin da yake yi kawai ya duba rumbu ya kawo maka wanda yafi kama da naka cikin abin da mutane suka zuba. In irin kifinka ba wanda ya taɓa zuba shi, ba zai ce maka babu ba, zai kawo maka maƙwabcinsa da kashi 91 ko 93, kai kuma ka rubuta sunan kifin Kongo a kan kifin Haɗeja. Saboda haka ka duba kason. In ya kai 98 ko 99 zuwa sama kuma tsawon ya rufe kusan duka, sannan iri na biyu a jerin yana can nesa, to ka samu. Ƙa'idar kashi 2 da ake yawan faɗa, wato haruffa wajen 13, al'ada ce ta aiki ba doka bace, akwai gidajen kifin da bata yi musu. In ƙasa da haka ne ka tsaya a sunan gida, kace Synodontis ne amma ba a kai ga iri ba, wannan ba gazawa bace, shine gaskiyar abin da ka samu.

Sannan ko 100 ya nuna maka, ka tambayi kanka wa ya zuba wancan na rumbun, kuma ya aka yi ya san sunan. GenBank kowa na iya zubawa, akwai jeri da yawa masu ɗauke da sunan da ba nasu ba, wani ya yi kuskuren gane kifinsa ya zuba, na bayansa ya kwafi sunan ya zuba nasa, kafin ka ankara kuskure ɗaya ya haifi goma har ya zama kamar shine ijma'i. Shi ya sa nake cewa a gwada a BOLD ma, rumbun da 'yan Guelph suka gina musamman don bakod, can ana neman hoto da wurin da aka kama da inda aka ajiye kifin, duk da shi ma bai tsira daga kuskure ba. Ka buɗe fayil ɗin da ake turowa tare da haruffan, mai zanen tsaunuka kala huɗu, kowane harafi da kalarsa, ka duba da idonka, in tsaunukan suna hawa kan juna karatun bai yi ba. Ka juya haruffan zuwa furotin a manhajar MEGA, in ka ga alamar tsayawa, wadda ke nuna ƙarshen furotin, ta fito a tsakiya to ba COI na gaske ka kamo ba, wani tsohon kwafinsa ne da ya ɓata ya shige babban kundi, ko kuma karatu ne mara kyau.

Ruwayenmu na Najeriya suna da kifi sama da iri 250, kuma an fara aikin, a 2011 an buga binciken da ya yi wa kifayen kogunan Ebonyi da Anambra bakod, a 2018 wani ya fito kan kifayen arewa ta tsakiya wanda ya nuna akwai masu suna ɗaya amma jininsu ya rabu sosai. Amma in ka dubi girman abin da muke da shi, fadamar Haɗeja da Nguru, Komadugu Yobe, tafkin Chadi, gulbin Sakkwato da Rima har Argungu, dam ɗin Tiga da Challawa da Bakolori, kogin Kwara daga Yamai zuwa Yawuri, abin da aka zuba a rumbu da cikakkiyar shaida kaɗan ne ƙwarai. Wannan shi ke ci min rai, kayan aikin na nan, kifin na nan, masu saninsa na nan da ransu.

Mu dawo kan kwaminka. Nace maka COI a maitokondiriya yake, ita kuwa maitokondiriya daga uwa kaɗai ake gadonta, ta ƙwai take bi, ta uba bata wucewa. Ɗauki alfadari, ubansa jaki uwarsa goɗiya, in ka yi masa wannan gwajin takarda zata ce doki ne, kuma injin bai yi ƙarya ba, dangin uwa aka tambaye shi ya faɗa. Haɗin da masu ƙyanƙyasa suke yi a ƙasar nan, wanda ake kira Heteroclarias, galibi ƙwan tarwaɗa ake matsowa a haɗa da ruwan namijin ramboshi, kaga bakod ɗin ɗan zai fito Clarias gariepinus tsaf. In kuma aka juya uwar ta zama ramboshi zai fito Heterobranchus, wato gidan ramboshi, tsaf. Ko ta ina ba zai taɓa ce maka haɗi ne ba. Kafin a kama haɗi a lab sai an ƙara da wani yanki daga babban kundin da ake gada daga uwa da uba duka, kamar RAG1 ko alamomin da ake gwajin uba da ɗa da irinsu, sai kaga a wasu gurabe haruffa biyu sun hau kan juna, ɗaya na tarwaɗa ɗaya na ramboshi.

Amma kai ba sai ka je can ba, idonka ya isa. Ka bari su kai kamar tsawon yatsa ko fi, ka kamo guda goma ka sa a farin baho da ɗan ruwa ka dubi gadon bayansu. Tarwaɗa zalla fiffiken bayanta guda ɗaya ne dogo mai 'yan ƙasusuwa, tun daga bayan kai har dab da jela. Ramboshi nasa biyu ne, na gaba mai ƙasusuwa ya tsaya wajen tsakiya, sai na baya babba mai tsoka zalla ba ƙashi. Haɗin yana tsakani, fiffiken gaba ya yi tsawo ya wuce na ramboshi, sai ɗan guntun na tsoka ƙarami kafin jela. In ka ga wannan ɗan guntun to zarginka ya tabbata. Kuma ba lallai an cuce ka a nama ba, haɗin yana girma da sauri yana jure wahala, mutane da yawa shi suke nema da gangan, inda matsalar take shine in niyyarka ka ware iyaye ka riƙa ƙyanƙyasa da kanka, ko kuma in ambaliya ta kwashe su ta zuba a kogi suka cuɗanya da na daji. Sannan ka riƙa tace su kana ware manya akai-akai don suna cin junansu sosai.

Ba a tarwaɗa kaɗai wannan iyakar take ba. Karfasa ma haka, an gano a Afirka ta Yamma irin karfasar da ake kira Oreochromis niloticus da yawa suna ɗauke da maitokondiriyar wani irin karfasa mai suna Oreochromis aureus saboda cuɗanyar da ta faru tun da daɗewa, kaga in ka yi wa karfasarmu bakod sunan aureus ya fito kar ka yi saurin cewa ka gano wani abu, koma ka dubi kifin, ka dubi layukan da ke jelarsa. A tafkin Victoria kuwa dangin karfasa iri wajen 500 ne suka tsiro cikin shekara kamar 15,000, lokacin ya yi kaɗan COI ya bambanta, launi daban baki daban abinci daban amma bakod kusan ɗaya.

Akwai sabon salon da zaka ji ana ta magana, a ɗebo ruwan tafki lita ɗaya ko biyu a tace, a karanta DNA ɗin da kifaye suka zubar ta majina da kashi, a fito da jerin waɗanda ke ruwan ba tare da an jefa koma ba. Yana aiki, Japanawa ma sun fitar da furaimarsa mai suna MiFish a 2015, amma shi ma rumbun nan yake komawa ya tambaya, kuma wani yanki yake karantawa daban wanda rumbunsa na kifayenmu ya fi na COI ma rama. Ba na furojet ɗin digirin farko bane.

In ni ne kai ga abin da zan yi. Ba zan bazu ba, zan ɗauki ruwa ɗaya mafi kusa da ni da gida ɗaya na kifi, misali kurungu ko tarwaɗa. In fara zuwa gaida Sarkin Ruwa in faɗa masa abin da ya kawo ni, in nemi ya haɗa ni da dattijo ɗaya cikin masunta, in zauna kusa da shi lokacin da ake juye kamu in ce Baba wannan fa, wancan fa, meye bambancinsu, in rubuta duk sunan da ya faɗa yadda ya faɗe shi, don sau da yawa inda littafi ya ba da suna ɗaya shi yana da biyu ko uku, kuma wani lokacin DNA shi yake bai wa gaskiya. Kowane iri in ɗauki uku zuwa biyar, ba ɗaya ba, don da ɗaya ba zaka san bambancin da ke tsakanin 'yan iri ɗaya ba. In an gane su da ido an ajiye shaida an karanta bakod ɗinsu, sai in je kasuwar garin in sayo banda 'yan guda goma in tambayi mai ita sunan kowanne, in gwada su da ɗan rumbun da na gina da hannuna. In akwai wanda ya gagare ku ganewa, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa, sufabaizanka zai iya rubuta musu. In ka gama kuma ka zuba naka a BOLD da hoto da wuri da sunan Hausar a gurbin bayani.

Ka turo min hoton bayan kifin naka guda biyu ko uku daga gefe, a cikin baho, da rana ba da fitila ba, sai in duba maka fiffiken.